Sunan da Ke Nufin A Hankali

Ka tare kowane yaro a bakin tashar motar Gumel ka tambaye shi mene ne fiyano, ba zai yi dogon tunani ba. Zai nuna maka rumfar masu cajin waya, inda lasifika ke ɓarin sauti tun hantsi, ko ya ce ai shi ne abin da ake sakawa a gidan biki, wanda in an kunna shi a wannan unguwa sai barci ya gagari waccan. A bakinmu fiyano kiɗan situdiyo ne, kiɗan nanaye, kiɗan fim da na kamfen. Har mawaƙa mun raba su gida biyu da wannan kalma: ga na gargajiya, ga 'yan fiyano. Ta shigo Hausa ta sami gindin zama, ba mai yi mata kallon baƙuwa.

Haka ni ma na riƙe ta shekara da shekaru, kafin in san cewa a harshen da ya haife ta, wato Italiyanci, ma'anarta "a hankali". Ƙasa-ƙasa, irin muryar da ake magana da ita a ɗakin da mai jego ta sami barci. Tun ran da na san haka, duk sanda na wuce rumfar nan ta bakin tasha sai wani abu ya tsaya mini a rai, kamar na ga ɗan da ya girma bai san ma'anar sunan da aka raɗa masa ba.

Labarin sunan ya faro ne a birnin Fulorens wajen shekarar 1700, a hannun wani gwanin haɗa kayan kiɗa, Bartolomeo Cristofori, wanda ke yi wa gidan sarautar Medici aiki. Kafin shi Turawa suna da wani abin kiɗa mai madannai, wanda in ka danna sai wani ɗan tsinke ya tsakuri tsirkiya, kamar yadda mai garaya ke yi. Aibinsa ɗaya ne: ko da fushi ka danna ko da lallashi, ƙarfin amon bai canzawa. Cristofori ya cire tsinken, ya sa 'yar guduma mai rufin fata, wadda ke bugun tsirkiya ta ja da baya nan take, ta bar ta tana amo. Daga nan yatsa ya sami iko. Ya taɓa a hankali a ji raɗa, ya sauke nauyinsa a ji tsawa. Sai aka sa wa abin dogon suna mai nufin "mai a hankali da ƙarfi". Baki ba ya son dogon suna. Da tafiya ta yi tafiya Turawa suka yar da "ƙarfi" suka riƙe "a hankali". Mu kuma da kalmar ta iso mana, sai muka karɓi "a hankalin" muka ɗora masa ƙarfin da suka yar.

Ba ƙorafi nake a kan aro ba. Mutumin Gumel ya fi kowa sanin cewa kalma fatake take bi. Garin nan na Mangawa ya daɗe yana fuskantar gabas, Barno yake kai gaisuwa, bai shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauka a cikinsa a watan Maris na 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, zamanin Sarki Ɗan Tanoma, ya tarar da shi babbar mahaɗar cinikin kanwa. Hanyar da kanwa ta biyo, ita galadima da yarima da ciroma suka biyo daga bakin Barebari, ita kalmar kasuwa kanta ta biyo. Algaitar da ake busa wa sarki ranar hawan salla, sunanta daga Larabawa muka same shi. Kalma in ta yi doguwar tafiya takan zubar da wani kaya a hanya ta ɗauki wani. Abin da nake son sani shi ne me wannan ta zubar, kuma ko muna da irinsa a gida.

Fiyanon da muka sani ya shigo ne ta situdiyoyin Kano a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa ke tashe, akasari samfurin Yamaha: allo mai madannai da ake jona wa wuta. An adana muryoyin kayan kiɗa barkatai a cikinsa, sai yaro ɗaya ya zauna ya fitar da ganga da sarewa da abin da ya yi kama da kalangu, aikin da a da sai an tara mutum shida an ciyar da su. Waƙoƙin fim irin na Sangaya suka bi gari, kunne ya saba. Ban raina wannan ba, kuma ba na so a raina. Samari da yawa sun ci abinci da shi, sun yi aure da shi, kuma akwai masu hannu ƙwarai a cikinsu. Sai dai ka buɗe cikin allon nan, ba za ka ga tsirkiya ko ɗaya ba. Fiyano na asali kuwa akwati ne na katako da ƙarfe wanda ƙarti ke nishi kafin su ɗaga, madannansa 88, tsirkiyoyinsa sun haura 200, an ɗaure su tamau a jikin ƙarfen da ke riƙe da jan da ya kusa tan 20. Ta wajen uwa dangin garaya ne da molo, ta wajen uba dangin ganga, tunda tsirkiya ce amma bugunta ake yi.

Ɗan yayata da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel ya gaji da jin wannan zance a bakina, ran nan sai ya turo mini wani bidiyo a waya, ya ce, "Kawu, ga fiyanon naka tare da 'yan rakiyarsa." Mutum biyar ne a wani ɗan madaidaicin zaure. Mace ɗaya a gaban fiyano, huɗu riƙe da gogen Turawa: biyolin biyu da ake ɗorawa a kafaɗa, biyola wadda ta ɗan fi su girma da kaurin murya, sai celo, babban cikinsu, da ake tsayarwa a ƙasa a rungume shi tsakanin gwiwoyi. Abin da suke kaɗawa Robert Schumann ne ya tsara shi a birnin Laifzig na Jamus a 1842, cikin 'yan makonni, ya sadaukar da shi ga matarsa Clara, wadda ta fi shi suna a bugun fiyano a lokacin. Ita ce ta zauna gaban fiyano ranar 8 ga Janairu 1843 da aka fara kaɗa shi a bainar jama'a, a wani zaure mai suna Gewandhaus. Sunan nan ma abin tsayawa ne, don ma'anarsa gidan tufafi: ginin 'yan kasuwar yadi ne tun asali, kamar a ce an keɓe wani bene a Kantin Kwari don sauraron kiɗa, sunan kasuwar ya bi shi har abada.

Abin da ya fara kama ni ba sauti ba ne, shirun da ya riga shi ne. Suka zauna, suka daidaita tsirkiya, jama'a suka yi tsit. Ba madugu a gabansu mai ɗaga sanda, kamar yadda ake yi wa babbar tawagar makaɗa. Mai biyolin na farko ya dubi sauran, ya ja numfashi yadda kowa zai gani, kafaɗarsa ta ɗan ɗaga, sai su biyar suka faɗa tare kamar an kifar da ƙwarya ɗaya. Bayan ɗan lokaci guguwar ta lafa, mai fiyano ta sassauta hannu har ta koma kamar yayyafi a kan rufin kwano, sai celo ya ɗauko wata magana mai taushi ya kai ta rabi ya tsaya. Biyola ta karɓa daga inda ya ajiye ta ƙarasa. Ya sake ɗaukowa, ta sake ƙarasawa. Na ga mai celon yana kallon mai biyola ta gefen ido, yana jira. Na maimaita wurin nan ya fi sau goma a daren.

Washegari na zauna neman sunan da zan ba wannan abu da Hausa. Turawa suna kiransa da kalmar da ke nufin kiɗan ɗaki, don an fare shi ne a ɗakunan gidajen sarakai da attajirai, aka bambanta shi da na coci da na dandalin wasa. Joseph Haydn, wanda ake ɗauka uban wannan salo, ya yi kusan shekara 30 yana barantaka a gidan sarautar Esterházy, daga 1761, yana sa tufafin gidan, yana tsara abin da ubangidansa ke so. Ba shi da nisa da matsayin Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa. To amma "kiɗan ɗaki" bai zauna mini ba. Ɗaki a Hausa na mace ne. Kayan ɗaki nata ne, in an ce tana ɗakinta an ce tana da aure, uwar ɗaki kuwa ita ce mai riƙe ka. Ka ce wa Bahaushe kiɗan ɗaki, hankalinsa zai tafi ga shantu da kiɗan ƙwarya, mata a cikin gida ranar biki. Ba ƙarya ya yi ba, don shantu abu ne mai ƙaramar murya da ba a yi shi don dandali ba, amma ba shi nake nema ba. Na gwada turaka, na ga ta cika sirri, ba a kai baƙo can. Na gwada fada, na ga ta kauce gaba ɗaya: kiɗan fada a wurinmu tambari ne da kakaki da algaita, abin da aka yi don a ji daga nesa a san sarki ya fito, doki ya yi rawa, talaka ya ba da hanya.

A zaure na tsaya, ko soro kamar yadda Kanawa ke cewa. Zaure ba cikin gida ba ne, ba kuma waje ba. Ana cire takalmi a shiga, a zauna a tabarma, kowa na ganin fuskar kowa, ba a ɗaga murya don ba bukata. A nan ake hira, a nan ake neman aure, a nan ake sasanta 'yan'uwa. Kuma muna da karatun zaure, wanda kowa ya san ba na gayya ba ne: malami da almajirai ƙalilan, littafi ɗaya, a bi shi layi-layi har shekaru. In akwai karatun zaure, ban ga abin da zai hana a ce kiɗan zaure ba. Marubucin Jamus Goethe ya taɓa kwatanta makaɗa huɗu masu goge da mutum huɗu masu hankali suna hira, a wata wasiƙa ta 1829. Hirar masu hankali kuwa, a ƙasarmu, zaure ne wurinta.

Ga kalmar ta sake dawowa: hankali. Daga Larabci muka samo ta, amma abin da muka yi da ita namu ne. In muka ce a yi abu a hankali, muna nufin kada a yi da ƙarfi, muna nufin kada a yi da sauri, muna nufin a kula, kuma a ƙarƙashin duka muna nufin a yi shi da tunani. Mai ɗaukar ƙwai, da mai tsallaka titi, da mai yi wa tsoho magana, duk kalma ɗaya muke ba su. Bahaushe ya haɗa taushin murya da kaifin tunani a buhu ɗaya. Da za a fassara sunan fiyano da Hausa tun farko, da ya fi na Italiyanci nauyi.

A Nijeriya mai son ya zauna a irin wannan zama sai ya nufi Legas, cibiyar MUSON da ke Onikan, ta ƙungiyar da aka kafa a 1983. Kuma akwai 'yan ƙasa da suka yi fice a wannan fage, irin su Fela Sowande da Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, ya kuma shafe rayuwarsa yana neman yadda fiyano na asali zai yi magana irin ta gangunan Afirka. Amma daga Gumel zuwa Onikan tafiya ce, ni kuwa wanda nake so ya ji abin nan yana kusa.

Wani tsoho ne, abokin mahaifina, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Sule Tankarkar. Da ƙuruciyarsa goge ya yi. Ya ci kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis da shi, ya hau jirgin ƙasa a tashar Gagarawa ya kai shi Nguru ya kai shi Kano. Kowa ya san irin kallon da ake yi wa goge a ƙasar Hausa: an haɗa shi da bori, an haɗa shi da gidajen mata masu zaman kansu, malamai sun daɗe suna tsawatarwa a kansa, har "ɗan goge" ta zama kalmar da ba a so a jefi ɗan mutunci da ita. Da ya dawo daga Makka sai ya naɗe nasa a buhu ya rataye a azarar zaure, ba wanda ya tilasta shi, bai kuma sake taɓawa ba. Na same shi bayan la'asar yana gyaran igiyar guga. Muka gaisa, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, sannan na ce, "Baba, na zo maka da 'yan'uwanka na Turai."

Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya nesanta ta da idonsa. Bai kalli fiyano ba sam. Hannun mai biyolin ya zuba wa ido.

"Wannan izga ce?"

"Izga ce, Baba. Ta doki."

"Suna sa mata ƙaro?"

"Suna sawa."

"To ai shi ke nan," in ji shi. "In ba ƙaro, sulɓi za ta yi ta yi. Sai ta kama take magana."

Gaskiyarsa, kuma masana kimiyyar sauti ba su ce fiye da haka ba. Gashin wutsiyar doki, wanda Turawa kan ɗaura wajen 150 a sanda ɗaya, yana kama tsirkiya ne ya ja ta, ta kuɓuce, ya sake kamawa, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan kamawa da kuɓucewa ita ce muryar. Kunnena yana jin "goga" a cikin "goge", yana kuma jin "gogagge", mutumin da duniya ta goga har ya san ta. Abu biyu masu santsi ba sa fitar da amo. Sai an sami ɗan kamu, ɗan tirjiya, irin ta zo mu zauna zo mu saɓa.

Can ya ɗago. "Ina mawaƙin?"

Na ce babu.

"Ba mai waƙa, ba sanƙira? To wa suke yi wa?"

Nan na rasa ta cewa, don tambayar ta fi ƙarfin amsar da na tanada. A wurinmu kiɗa yana da mai shi. Kalangu na mahauta ne, gangar noma ta manoma, garaya ta mafarauta, tambari na sarki. Ko an cire waƙa, magana ba ta fita, domin Hausa harshe ne mai hawa da sauka, abin kiɗa kuwa yana iya bin hawan da saukar har ya faɗi take, mai take ya ji an kira shi tsigar jikinsa ta tashi. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana nuna cewa ƙarfin kiɗan Hausa a baitin yake, abin kiɗa rakiya yake yi. Ka tuna Shata, kalmominsa za su fara zo maka kafin kalangunsa. Ka tuna Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ko maƙwabcinmu Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa: hannuwansu abin mamaki ne, amma mutum nawa ne suka taɓa zama don hannun kaɗai? Saboda haka mutum biyar su yi rabin awa suna kiɗa ba su ambaci kowa ba, ba su roƙi kowa ba, jama'a kuma na zaune ba mai tashi ya yi liƙi, dole tsoho ya tambaya.

Bai jira amsata ba, ya koma kan wayar. Aka shiga kashi na biyu, inda kiɗan ke sauka ƙasa ya koma tafiya: taku biyu uku, a tsaya, taku biyu uku, a tsaya. Na ce masa Turawa suna jin wannan kamar tafiyar masu rakiyar gawa. Ya girgiza kai.

"A'a. Mu da gawa sauri muke, ka sani. Wannan dawowa ce. An rufe, an juyo, ba mai son ya riga wani isa gida."

Ban taɓa jin wanda ya fassara wurin nan haka ba, kuma tun ranar ban iya jin sa ta wata hanya ba. Abin da ya ji shi ne tsayawar, 'yan guntayen shirun da ke tsakanin taku da taku, inda su biyar ke ɗauke hannu tare. Hausa tana da kalmar da ta dace da wannan fiye da duk wadda na sani: saurara. Muna cewa saurara mu nufi kasa kunne. Muna kuma cewa ruwa ya saurara, ciwo ya saurara, ko mu ce wa mai matsa mana ya saurara mana, mu nufi ya dakata, ya sassauta. Kalma ɗaya ce, kuma ba haɗari ne ya haɗa ma'anonin ba: ba mai iya kasa kunne sai ya dakata da nasa. "Ji" kuwa faɗi gare ta, muna jin magana, muna jin ƙanshi, muna jin yunwa, muna jin Hausa, yaro ma yana jin magana ko ba ya ji. Ji yakan zo maka ko ba ka nema ba, kamar lasifikar bakin tasha. Saurare sai ka ba da wani abu naka. Mai fiyanon nan tana da abin da zai iya danne sauran huɗun in ta saki hannu, tsirkiya fiye da 200 a kan nasu 16. Rabin gwanintarta shi ne sanin inda za ta saurara.

Wannan ne ya sa nake ganin kalmar amshi ba ta isa ta bayyana abin da suke yi ba, ko da yake ita ta fara zo mini. 'Yan amshi ginshiƙi ne a waƙarmu, su ke riƙe gindin waƙa jagora ya hau ya sauka, in sun yi rauni waƙa ta zube. Amma matsayinsu a bayyane yake: ɗaya ke faɗa, saura su karɓa, har 'yan siyasa suka ari "'yan amshin Shata" suna zagin majalisar da ba ta musu. A zauren nan kuwa jagoranci yawo yake. Wanda ya yi gaba yanzu shi zai koma baya an jima, biyola da ba ta cika fitowa fili ba sai ga ta riƙe da maganar, biyolin na farko yana yi mata rakiya. Amsa suke ba juna, ba amshi ba. Harafi biyu ne tsakanin kalmomin, amma mai amshi ya san abin da zai faɗa tun kafin a buɗe baki, mai amsa kuwa sai ya ji.

Da kiɗan ya kai ƙarshe, inda Schumann ya dawo da maganar da ya buɗe da ita ya saƙa ta da ta rufewa, aka yi tafi, tsoho ya miƙo mini wayar. Ya ɗan yi shiru yana murza igiyar gugan.

"Na gane," in ji shi. "Waɗannan juna suke yi wa. Mutanen nan na zaune albarkaci suka ci."

Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce a zamaninsu in an tashi daga wasa, dare ya raba, 'yan rawa sun watse, an ƙirga kuɗi an raba, wani lokaci barci kan ƙi zuwa. Sai su zauna a masauki, shi da mai ƙwaryarsa da wani mai kukuma da suke yawo tare. Ba taken kowa, ba roƙo. Mai ƙwarya ya ajiye sanduna ya koma yatsu don kada a ta da masu gida. Shi ya ja wata magana, mai kukuma ya karɓe ta ya juya ta ya maido masa, har a yi kiran assalatu. Ya ce duk abin da ya iya na gaske a nan ya koye shi, a dandali kuwa sayarwa kawai yake yi.

Na ce, "Baba, me kuke kiran wannan?"

"Ba mu sa masa suna ba. Mukan ce dai, bari mu ɗan taɓa."

Taɓa. Malaman fiyano a Turai, in za su yabi gwani, ba ƙarfinsa suke yabo ba, ba saurinsa ba. Taɓinsa suke yabo, yadda yatsa ke sauka a kan madanni. Abin da Cristofori ya yi wa 'yar guduma rufin fata dominsa ke nan. Ashe kayan da kalmar ta zubar a hanya akwai shi a masaukin makaɗa a Nguru da Maigatari tun kafin ta iso, ba a dai raɗa masa suna ba, ba a kuma taɓa shimfiɗa masa tabarma a kira mutane su zauna su yi tsit dominsa ba. Wannan ne ke damuna, fiye da ƙarar lasifika. Masu irin wannan hannu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, abin da aka ɗauka nasu a kaset kuwa, in an ɗauka, na dandali ne.

Kafin in tashi ya sa jikansa ya hau turmi ya sauko da buhun. Ya kwance shi a hankali. Ƙwaryar tana nan lafiya, ta yi baƙi saboda hayaƙi da hannu. Fatar guzar ta saki, ta ɗan tsage a gefe. Ya nuna mini ɗan itacen da tsirkiya ke hawa, wanda makaɗa ke ce wa jaki, don shi ke ɗauke da kaya. Izgar kuwa ƙwari sun cinye ta, saura 'yan silara uku huɗu suna reto. Ya shafa su da babban yatsa, ba su ce komai ba.

"Kana zuwa Maigatari?"

"Ina zuwa, Baba."

"In ka je, ka shiga wajen 'yan dawaki ka samo mini izga. Mai tsawo, ta ingarma, kada ka karɓi mai karyayyen gashi." Ya ga yadda na dube shi, sai ya ce, "Ba kaɗawa zan yi ba, na riga na yi alkawari. Amma ba na so yaran nan su gaje shi ba harshe."

Ranar Alhamis na shiga Maigatari da hantsi. Na ratsa 'yan riɗi da 'yan zoɓo, na wuce karar shanu da raƙuman da aka koro daga ƙasar Damagaram, ƙura ta tashi har ba a ganin ƙarshen kasuwa. A bakin hanya wata rumfa ta saki fiyano, wata a gabanta ta saki nata, mai tallan magani yana tsakani da lasifikarsa. A can ƙarshe na sami 'yan dawaki. Na gaya wa wani dattijo mai sayar da linzami da ragama abin da nake nema, sai da na kai bakina kunnensa na faɗa sau biyu. Ya buɗe wata jakar fata ya zaro damin izga baƙa, ya warware ta a kan gwiwarsa, ya ja sili ɗaya tsakanin yatsu yana gwada ƙarfinsa.

"Ta mafici ce ko ta goge?" in ji shi.

Na ce ta goge.

Ya mayar da wannan cikin jaka, ya laluba ƙasa, ya zaro wata.